Alƙalami da Cebur: Tarken Labaran Unguwar Five Points ta Birnin Niyok

Gabatarwa

Abin da aka saba a fagen tarke shi ne a ɗauki littafi a auna shi da wani littafi ɗan'uwansa, ko a ɗora shi bisa ma'aunin wani ra'i, a fito da jigonsa da salonsa da zubi da tsarinsa, a yaba inda ya cancanci yabo, a kushe inda ya gaza. Ba kasafai matarki kan sami damar auna rubutu da ƙasar da aka yi rubutun a kanta ba, domin galibi mutanen da marubuci ya siffanta sun daɗe da kwanta dama, kuma ba su bar komai a rubuce ba balle a kira su su ba da shaida. A wannan maƙala mun sami irin wannan dama. Za mu dubi wasu rubuce-rubuce da aka yi a kan wata unguwar talakawa ta birnin Niyok a Amurka, mu gwama su da abin da masu ilmin haƙar kufai suka tono daga salgogin unguwar a shekarar 1991. Daga nan sai mu juya kan su masu haƙar, domin su ma da suka ajiye cebur alƙalami suka ɗauka, kuma duk wanda ya ɗauki alƙalami ya shigo hurumin matarki.

Unguwar Five Points tana can ƙasan tsibirin Manhattan. Sunan yana nufin tsini biyar, saboda yadda titunan Orange da Cross da Anthony suka haɗu suka ba da kusurwa biyar. A da akwai wani tafki a wurin mai suna Collect, wanda majema da mahauta da masu dafa giya suka gurɓata, har aka cike shi da ƙasa a farkon ƙarni na 19. Cikon bai yi kyau ba. Ƙasa ta riƙa lotsawa, gidaje suna karkacewa, ɗakunan ƙasa suna tsatsafo da ruwa. Masu hali suka tashi, masu gidaje suka yayyanka ɗakuna suka zuba 'yan haya. Akwai baƙaƙen fata waɗanda suka fita daga ƙangin bauta, wadda jihar Niyok ta kammala sokewa a 1827. Akwai Yahudawa da sauran baƙi daga Jamus. Sai kuma 'yan Ailan, waɗanda suka yi wa unguwar tsinke bayan yunwar da ta auka wa ƙasarsu daga 1845. Daga baya 'yan Italiya da Sinawa suka biyo sahu. Annobar kwalara ta yi ɓarna a nan a 1832 da 1849. Kafin ƙarni na 19 ya kai rabi, sunan Five Points ya riga ya zama abin zagi, ba a Amurka kaɗai ba, har a Ingila.

Baƙo da fitilar ɗan sanda

Babban wanda ya kai sunan ƙetaren teku shi ne Charles Dickens. Ya ziyarci Amurka a 1842, kuma a wannan shekarar ya wallafa American Notes, inda ya ba da 'yan shafuka ga yawon da ya yi a Five Points. Abin lura na farko shi ne yanayin ziyarar: da dare ya je, kuma 'yan sanda biyu ne suka yi masa ja-gora. Ko shakka babu, wanda ya shiga unguwa da tsakar dare a bayan ɗan sanda, abin da ɗan sanda ya saba nema shi zai gani. Tela da baduku da mai wanki da ɗan dako duk sun yi barci, domin gobe da asuba akwai aiki. Mashaya da gidan rawa ne ke buɗe.

Ta fuskar sarrafa harshe, dabaru biyu ne suka yi kane-kane a waɗannan shafuka, wato dabbantarwa da abuntarwa. Dickens ya fara da ba'a a kan aladun da ke yawo a titunan birnin, sannan da ya iso unguwar sai ya daidaita matsayin aladun da na mutanen da ke zaune tare da su. Idan an shiga ɗaki mai duhu an kunna wuta, abin da mai karatu zai fara gani tulin tsummoki ne, sai tsummokin sun motsa ake gane ashe mutane ne ke kwance. Hatta gidajen an mutunta su, an ba su kamannin mashayi, alhali mazaunansu an tuɓe masu mutuntakar. Amma a tamu fahimtar, dabarar da ta fi kowace yin tasiri ita ce lamirin da ya zaɓa. Da "mu" yake magana, yana jan mai karatu a hannu daga lungu zuwa lungu. Wannan "mu" ta haɗa marubuci da mai karatu da ɗan sanda a gefe guda, ta bar mazauna unguwar a ɗaya gefen a matsayin abin kallo. Ba a tambayi kowa daga ina ya zo ba, ko me yake yi da rana, ko nawa yake biya kuɗin haya. Wuri ɗaya tak rubutun ya yi rai, wato inda ya siffanta wani saurayi baƙar fata yana rawa a wani gidan rawa na ƙarƙashin ƙasa, wanda masana da dama suke ganin William Henry Lane ne, da aka fi sani da Master Juba. Ko a nan ɗin ma, ƙafafun saurayin aka yaba.

Adalci ne mu faɗi cewa Dickens bai ƙagi ƙazanta da cunkoso ba. Suna nan, kuma sun kashe mutane. Laifinsa shi ne na baƙo, wanda Hausawa suka ce ko da ido makaho ne. Ya ga dare ɗaya, ya rubuta shi kamar shi ne dukan rayuwa. Masu karatunmu da suka tashi a Sabon garuruwan kudu ba sa bukatar dogon bayani a kan wannan, domin sun san bambancin unguwarsu da yadda mai wucewa a mota yake ba da labarinta.

Waɗanda suka biyo bayansa hanyar da ya share suka bi. George Foster ya wallafa New York by Gas-Light a 1850, wanda sunansa kaɗai ya isa ya nuna cewa yawon dare ne. Jacob Riis ya zo da How the Other Half Lives a 1890, da hotuna da kyakkyawar niyyar kawo gyara, kuma rubutunsa ya taimaka wajen rushe ɓangaren da ake kira Mulberry Bend aka mai da shi wurin shan iska a 1897. Sai dai wanda ya kafa tatsuniyar ta zauna daram shi ne ɗan jarida Herbert Asbury, da littafinsa The Gangs of New York na 1928. Asbury gwanin ba da labari ne, wannan ba a ja. Jimlolinsa suna gudu, taurarinsa suna da laƙabi masu kama zuciya, har marubuci irin Jorge Luis Borges na Ajantina ya ɗebo daga cikinsa. Amma kambamawa ce jarinsa. Alal misali, ya ce a wani tsohon gidan giya da aka mai da gidan haya a 1837, wanda ake kira Old Brewery, an shafe shekara kusan goma sha biyar ana kisan kai kowane dare. Idan aka yi lissafi, gida ɗaya zai ba da gawa 365 ke nan a shekara, alhali kisan kan da aka rubuta a dukan birnin a shekarun 1840 bai ko kusanci wannan adadi ba. Masanin tarihi Tyler Anbinder, a littafinsa Five Points na 2001, ya bi irin waɗannan labarai ya nuna raunin tushensu. Ya kuma duba littattafan bankin Emigrant Savings, wanda aka buɗe a 1850, ya tarar da leburori da masu wanki da zawarawa na unguwar suna da ajiya, wasu ma mai kauri, suna kuma aika kuɗin jirgi ga 'yan'uwansu a gida.

Duk da haka, Asbury ne ya yi nasara a kasuwa. A 2002 Martin Scorsese ya fitar da fim mai sunan littafin, bayan an gina unguwar sukutum a dandalin shirya fim na Cinecitta a birnin Rum. An zuba kogunan ƙarƙashin ƙasa da gatura da wuƙaƙe. Mutumin da aka gina mugun tauraron fim ɗin a kansa, William Poole, an kashe shi tun 1855, amma fim ɗin ya raya shi har zuwa tarzomar 1863. Ba mu ƙi mai fasaha ya murɗa tarihi ba, haƙƙinsa ne. Abin da muke tuhuma shi ne, a cikin sa'o'i kusan uku da wuya ka ga wanda ya tashi da safe ya tafi aiki.

Abin da salga ta adana

A Amurka akwai wata doka ta 1966 da ta wajabta wa hukumomin tarayya su binciki abin da aikinsu zai shafa na kayan tarihi kafin su yi gini. Wannan doka ce ta sa a 1991, lokacin da za a gina sabuwar kotun tarayya a titin Pearl, aka kira masu haƙar kufai su fara duba filin. Filin ya ƙunshi fuloti 14 na gefen tsohuwar unguwar, tsakanin titin Pearl da titin Baxter, wanda a da shi ne Orange. Daga baya aikin nazarin abin da aka tono ya koma hannun kamfanin John Milner Associates, a ƙarƙashin jagorancin Rebecca Yamin. An fitar da tarkace kimanin 850,000.

Mai karatu zai so ya san daga ina wannan tarin ya fito. Kafin a shimfiɗa bututun ruwa da magudanai, kowane gida yana da salga da rijiyar tara ruwan sama a bayansa. Idan aka daina amfani da su sai a mai da su juji, a cika da shara, a rufe. Abin da ya faɗa can ya tsira daga tsintsiya da wuta da ɓarawo. Kuma shaida ce irin wadda ba a shirya ta don wani ya gani ba. Mutum kan gyara maganarsa a gaban malamin ƙidaya, ya gyara tufarsa a gaban mai hoto, amma babu mai tace abin da zai jefa a salga. Idan aka haɗa tarkacen da takardun ƙidayar jama'a da na haraji da littattafan adireshi, sau da yawa akan gane wane gida ne ya zubar da me, da kuma wajen wace shekara.

A gida mai lamba 472 a titin Pearl, wajen 1840, wani tela Bayahude mai suna Harris Goldberg ya zauna da iyalinsa. Ƙasusuwan da aka samu a sharar wannan lokaci galibi na shanu ne, kuma an sami ƙananan hatimai na darma irin waɗanda ake maƙala wa nama don shaida cewa an yanka shi bisa shari'ar Yahudawa. Wato ke nan, a tsakiyar unguwar da aka ce babu tsoron Allah a cikinta, ga wani gida yana biyan ƙarin kuɗi don kiyaye dokar addininsa a kan abinci. Bayan 'yan shekaru aka gina dogon bene na bulo a wannan fili, aka zuba 'yan Ailan kimanin ɗari. Sharar waɗannan kuwa naman alade ne ya yi rinjaye a cikinta, musamman sassa masu araha irin su ƙafafu. Amma tare da ƙasusuwan akwai kofunan shayi da farantai na tangaran, ƙirar Staffordshire ta Ingila, masu zubi iri ɗaya da waɗanda matan masu hali suke jerawa a wannan zamani. Akwai tukwanen shuka furanni, da 'yan gumakan ado na kan kanta, da kofunan yara, da duwatsun wasansu, da kwalaben magani masu yawa, da lofe na yumɓu. A wasu fulotin an sami allurai da maɓallai da ƙyallaye, shaidar ɗinki da cinikin gwanjo da titin Baxter ya yi suna a kansu. Har ƙasusuwan biri an tono, wanda ake kyautata zaton na 'yan Italiyan nan ne masu yawo da akwatin kiɗa suna sa biri karɓar kuɗi.

Ba ƙaramin abu ba ne mace mai zaune a ɗaki biyu da miji da 'ya'ya da 'yan haya na kwana, wadda sai ta sauko bene ta ɗebi ruwa a tsakar gida, ta sami sukunin dasa fure. Babu wannan tukunyar fure a shafukan Dickens, ba ta kuma cikin na Asbury.

Mai haƙa ya zama mai ƙaga labari

Rahoton aikin ya fito a 2000 cikin mujalladai da dama, da sunan Tales of Five Points. Tun daga sunan za a gane cewa Yamin ba ta tsaya ga jadawali da ƙididdiga ba, domin kalmar farko tana nufin labarai ne. Ta yi wani abu da ba a saba gani a irin waɗannan rahotanni ba: ta rubuta gajerun labarai, inda takan ɗauki suna daga takardun ƙidaya, ta haɗa shi da kayan da aka tono a bayan gidan mai sunan, ta gina ɗan yanayi na rayuwar yau da kullum. Ta bayyana manufarta a wata maƙala ta 1998 a mujallar Historical Archaeology, inda ta jera labaran ban tsoro da aka saba ji a gefe guda, da labaran cikin gida a ɗaya gefen. Hujjarta ita ce, ƙaga labari hanya ce ta bincike, domin sai ka yi ƙoƙarin haɗa kofi da mai kofi a jimla ɗaya kake gane abin da ka sani da abin da kake zato. Wannan ra'ayi ya yi daidai da na Alan Mayne, wanda a littafinsa The Imagined Slum na 1993 ya nuna cewa "unguwar ɓata-gari" gini ne na kalmomi da jaridu suka yi, sannan aka ɗora shi a kan unguwanni na gaske.

A matsayinmu na ɗaliban adabi, mun yaba da wannan ƙarfin hali, kuma muna ganin darasi a cikinsa ga masu aiko wa wannan mujalla gajerun labarai. Sau nawa muke karanta labarin talaka wanda ba shi da komai sai talaucinsa, ba kwano, ba tabarma, ba abin da yake so, ba abin da yake ɓoyewa? Ƙa'idar da Yamin ta ɗaure kanta da ita, wato kada ta sa wa tauraro abin da ba a tono ba, ta tilasta mata kallon ƙananan abubuwa, kuma daga ƙananan abubuwa ne tauraro yake samun jini da tsoka.

Sai dai kuma akwai inda muka rabu da ita, ko mu ce da yadda aka karɓi aikinta. Mu ɗauki shahararren abin da aka tono a gidan 'yan Ailan ɗin nan, wato kofin shayi mai ɗauke da hoton Fada Theobald Mathew, limamin Katolika da ya fara gangamin yaƙi da shan giya a birnin Cork a 1838, ya kuma zagaya Amurka daga 1849 zuwa 1851. Kofin ya dace da buƙatar mai son ƙaryata Asbury kamar an yi shi don haka: an ce mashaya ne, ga kofin masu rantsuwar barin giya. To amma kofi ba ya magana. Mai yiwuwa mai shi ya yi rantsuwar ya kuma riƙe ta. Mai yiwuwa matar mashayi ce ta saya tana ajiye wa mijinta a gaba kowace safiya, wanda zai mai da kofin shaidar shan giya a gidan. Mai yiwuwa tsaraba ce daga gida, ana son ta don fuskar ɗan ƙasa da ke jiki, ba don wa'azinsa ba. Yana yiwuwa kuma a gwanjo aka same shi da araha. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan labari ne mai zaman kansa, kuma tangaran ɗin bai fifita ko ɗaya ba. Da zarar marubuci ya zaɓi guda ya rubuta shi da daɗin harshe, sauran ukun sun mutu a zuciyar mai karatu. Daɗin daɗawa, salgar gidan da ke da mutum ɗari ba ta ware sharar wane da ta wance. Ɗora wani kofi a hannun wata mata mai suna, ƙagawa ce, ko da sunan na gaskiya ne kofin ma na gaskiya ne.

Yamin ta san da wannan, ba ta kuma ɓoye cewa labaran nata fassara ce ba. Matsalar ita ce, gargaɗin yana cikin gabatarwa, labarin kuwa shi ake tunawa. Hatsarin da muke hange shi ne a tumɓuke tatsuniyar ɓata-gari a dasa tatsuniyar mutanen kirki a gurbinta. Kalmar da ta yi ta yawo a rubuce-rubucen da suka biyo bayan haƙar ita ce kamala ko mutunci, kamar dai ana cewa: ku duba, ashe su ma suna shan shayi a kofi irin namu. Idan aka lura, ma'aunin bai canja ba. Har yanzu falon mai hali ne sikeli. Da an ce talaka ya faɗi jarrabawa, yanzu an ce ya ci. Shin wanda ba shi da kofin tangaran fa, ya cancanci abin da Dickens ya faɗa a kansa ke nan?

Wannan ya kai mu ga waɗanda ko salga ba ta tuna da su ba. Haƙar kufai tana jin muryar mai abin zubarwa ne kawai. Ɗan hayar kwana da ke biyan kuɗin shimfiɗa a ɗakin ƙasa, da yaron titi mai sayar da jarida, da wanda duk abin da ya mallaka yana jikinsa, ba su bar tsingaro ba. Baƙaƙen fata na unguwar, waɗanda 'yan tarzoma suka far wa gidajensu da cocinsu na St. Philip a watan Yuli na 1834, ba su fito sosai a waɗannan fuloti 14 ba. Hasali ma filin da aka haƙa gefen unguwar ne, kusa da titin kasuwanci, ba tsakiyarta inda Old Brewery ya tsaya ba. Hukumar da ke son gina kotu ce ta zaɓi wurin, ba tambayar masu bincike ba.

A nan ne ya kamata mu yaba wa masu aikin a kan abin da ba su ɓoye ba. A bayan gida mai lamba 12 a titin Orange akwai salgar wani gidan karuwai da hukuma ta gurfanar da mai shi a 1843. An tono kayan shayi na tangaran ɗin Sin, da kwalaben giya da na turare, da gilashin shayar da tsuntsun keji, da ragowar abinci mai tsada fiye da na maƙwabta. A cikin wannan salga ɗin dai aka sami ƙasusuwan jarirai biyu da suka cika watanninsu, da na wani tayi, waɗanda Thomas Crist ya yi nazarinsu a wata maƙala ta 2005. Babu wanda zai iya cewa ko a mace aka haife su ko kashe su aka yi. A tamu fahimtar, wannan rami ɗaya ya fi dukan shafukan Asbury ban tsoro, kuma ya fi kofin Fada Mathew gaskiya, domin ya ƙi shiga kowace tatsuniya daga cikin biyun. Mace ɗaya tana iya kasancewa ita ce mai ba tsuntsu ruwa da safe, ita ce kuma ta sauko tsakar gida da ƙunshi a hannu da dare. Marubucin da zai iya riƙe waɗannan abubuwa biyu a labari ɗaya, ba tare da ya yi wa matar wa'azi ko ya wanke ta ba, shi muke jira, kuma har yanzu ba mu karanta shi ba.

Kufan wa?

Ana kiran irin wannan aiki haƙar kufai don jama'a, saboda da kuɗin jama'a ake yin sa, bisa dokar jama'a. Amma wace jama'a? Amsar ta fito fili idan aka dubi ɗaya filin da wannan hukuma ta haƙa a shekarar 1991 ɗin, 'yan taku kaɗan daga na farko, a titin Broadway. Can aka ci karo da makabartar 'yan Afirka, bayi da 'yantattu, wadda aka yi amfani da ita har zuwa shekarun 1790. An tono gawarwaki 419 kafin baƙaƙen fatan Niyok su tashi tsaye su ce ba su yarda da yadda ake tafiyar da aikin ba. Matsin lambarsu ya kai har majalisar tarayya, aka dakatar da haƙar a 1992, aka miƙa binciken ga Jami'ar Howard a ƙarƙashin Michael Blakey. Al'ummar ta sa baki a kan tambayoyin da za a yi wa ƙasusuwan: daga ina mutanen suka zo, wane irin aiki ya lanƙwasa su, me ya kashe yaransu. An sake binne su da girmamawa a watan Oktoba na 2003, aka kuma ayyana wurin a matsayin abin tarihi na ƙasa a 2006.

Mutanen Five Points ba su sami masu tsaya masu irin haka ba. Jikokinsu sun watse, sun yi arziki ko sun ɓace, kuma da yawansu ba su da sha'awar a tuna masu inda kakanni suka fara. Saboda haka labarinsu ya zauna a hannun masana, kayansu kuma aka zuba a akwatuna aka kai ɗakin ajiya na ƙarƙashin ƙasa a gini mai lamba 6 na Cibiyar Kasuwanci ta Duniya. Ranar 11 ga Satumba, 2001, ɓaraguzan hasumiyar arewa suka auka wa wannan gini. Daga tarkace 850,000, guda 18 ne suka tsira, su ma don an ba da aronsu ga hukumar cocin Katolika ta Niyok domin wani baje koli.

Wannan asara ta canja matsayin rahoton Yamin gaba ɗaya. Kafin wannan rana, duk mai shakkar fassararta yana iya zuwa ya buɗe akwati, ya juya kofin a hannunsa, ya sake ƙirga ƙasusuwan, ya fito da nasa labarin. Yanzu jadawalin da hotunan da gajerun labaran su ne suka rage, wato shaidar da aka kira don ta ƙaryata rubutu ita ma ta koma rubutu, kuma da kayan aikin matarki za a karanta ta: wa ke magana, me ya zaɓa, me ya tsallake. Fim ɗin Scorsese, wanda ya fito bayan wata goma sha biyar, ya rufe ne da hoton birnin yana girma a ƙetaren kogi, kaburburan taurarinsa suna shafewa a cikin ciyawa, har gine-ginen suka kai ga hasumiyoyin nan biyu, waɗanda ya zaɓi ya bar su a tsaye.